Ɗaci Da Shaidunsa

 Da za a tara littattafanmu na Hausa a ƙirga kalmomin da muka fi wahalarwa, ina jin bayan "so" da "hawaye" babu wadda za ta sha gaban "ɗaci". Jaruma ta haɗiye wani abu mai ɗaci da ya tokare mata maƙogwaro, uwar miji ta yaɓa mata magana mai ɗaci, shi kuma gogan naka ya yi murmushi mai ɗaci ya fice ya bar mata ɗakin. Ni kaina na ci abinci da wannan kalma shekara da shekaru. To yau ɗacin gaske nake son mu taɓa, wanda harshe ke ji, irin na shuwaka da maɗaci da ganyen darbejiya, da kuma wasu 'yan ɗigon ruwa masu tsadar gaske da masana ke saye domin su gano inda ɗacin yake sauka a jikin ɗan Adam. Masu jiran ci gaban labari su yi min afuwa na wannan makon.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai shi ne ɗure. Duk wadda ta yi reno a ƙasar Hausa ta san shi: a danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tura cokali, shi yana shure-shure uwa tana faɗa, rabin maganin a riga, saura a ƙasa. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 cewa a riƙa bai wa yaran yankin Sahel 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina, aka kuma fara gwada shirin a Katsina a 2013, sai ɗure ya samu kakarsa. Ma'aikata su ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na kwana biyu. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, amodiyakwin, ɗacinsa ba na wasa ba ne, shi ya sa a shekarun farko sai an daka shi an haɗa da sukari, kafin daga baya a kawo mai narkewa a ruwa wanda aka ɗan zaƙaƙa. A layinmu na ga gida mai yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya, namijin ya shanye nasa ya koma wasansa, macen kuwa da zarar ta ji sallamar masu rabo sai ƙarƙashin gado, in an yi nasarar ɗura mata kuma ta amayar. Sunanta a gidan mai taurin kai. Alhali yarinyar da ta amayar da magani daidai take da wadda ba a ba ta ba, shi sauro babu ruwansa da wannan shari'ar.

Ƙin ɗaci ba rashin tarbiyya ba ne, da shi ake haihuwarmu. Wani masani a birnin Ƙudus mai suna Jacob Steiner ya ɗiga wa jarirai sababbin haihuwa ruwan kwinin kaɗan a harshe a shekarun 1970, tun kafin su kama nono, suka yamutse fuska suka turo harshe waje; da aka ɗiga musu ruwan sukari sai suka saki fuska suna tsotso. Iyayenmu ma ai sun san haka, in ba don haka ba me ya kawo shafa maɗaci a nono lokacin yaye? Allah cikin hikimarSa Ya sa yawancin dafin da ke cikin tsirrai yana da ɗaci, harshe kuma shi ne mai gadin ƙofa. Dubi rogo mai ɗaci, wanda in ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba yake fitar da gubar sayanayid. A Mozambik a 1981, da fari ya matsa wa mutane suka riƙa cin sa a gaggauce, ƙafafun mutane da yawa suka shanye, akasarinsu mata da yara. Kuma binciken da Julie Mennella ta cibiyar Monell da ke Filadelfiya ta buga a 2005 ya nuna cewa yaro kan fi babba jin wani nau'in ɗacin, ko da kuwa gadonsu iri ɗaya ne. Wato abin da uwa ta lasa ta ce ai babu wani ɗaci, ba shi ne abin da yaron ke ji a bakinsa ba.

Su kansu manyan ma ba ɗaya suke ba, kuma yadda aka gano hakan abin dariya ne. A 1931 wani masanin haɗa sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani gari da ake kira PTC a kwalba sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa da ke gefe ya fara ƙorafin ɗaci ya cika masa baki. Fox, wanda shi ne ma ya fi kusa da garin, ya ce shi fa bai ji komai ba. Musu ya kaure, kowa ya lasa, wannan ya ce masifar ɗaci, wancan ya ce lami. Daga nan Fox ya riƙa bin mutane yana ba su suna lasa, har aka gane abin gado ne. A cikin Turawa kusan mutum 3 cikin 10 ba sa jin ɗacin wannan gari, a Afirka ta Yamma kuwa marasa jin ba su kai haka yawa ba. A 1939 har gidajen namun daji na Landan da Edinbara wasu masana uku na Ingila suka je, cikinsu da Ronald Fisher, suka ba manyan biran nan cimfanzi ruwan, suka tarar su ma da masu ji da marasa ji.

Sai da aka shekara kusan saba'in ana wannan lasa-lasa kafin a kama masu laifin. A shekarar 2000 ɗakunan bincike na Charles Zuker da Nicholas Ryba, da kuma na Linda Buck, duk a Amurka, suka bayyana wani dangi na ƙananan furotin da ke zaune a bangon ƙwayoyin ɗanɗano na harshe. Aikinsu su tarbi abin da ya zo cikin yawu, in ya dace da su sai ƙwayar ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Masana na kiran dangin TAS2R, ni kuwa bari in kira su makarɓan ɗaci. Ɗan Adam yana da kamar 25. Zaƙi duk daɗinsa makarɓi guda ɗaya tak gare shi, kyanwa ma nata a lalace yake, shi ya sa ba ta damu da alawa ba. Ɓera yana da makarɓan ɗaci sama da 30, kaza kuwa 3 kacal, ƙila shi ya sa ba ta da zaɓe a bola. A 2003 ayarin Dennis Drayna suka gano cewa na garin Fox shi ne mai lamba 38. Ki ɗauka jigida ce mai duwatsu 333, bambancin mai ji da marar ji duwatsu uku ne kawai aka sauya. Mai irin jigidar da ke ji sosai yakan fi jin ɗacin kabeji da danginsa.

Af, wannan taswirar harshe da aka sa mu zana a sakandare, zaƙi a gaba, tsami a gefe, ɗaci a can baya, a ajiye ta. Ta samo asali ne daga aikin wani Bajamushe a 1901 wanda aka yi wa gurguwar fahimta daga baya. Duk inda ƙwayoyin ɗanɗano suke a harshe suna jin kowane iri, ɗan fifikon da ke tsakani kaɗan ne.

Waɗannan 25 ɗin ba su raba aiki daidai ba. A 2010 ayarin Wolfgang Meyerhof na cibiyar binciken abinci da ke Potsdam a Jamus suka gwada abubuwa masu ɗaci 104 a kan kowane ɗayansu. Uku daga ciki, masu lamba 10 da 14 da 46, 'yan karɓi-duk-wanda-ya-zo ne, su kaɗai sun tarbi kusan rabin kayan. Wasu kuma 'yan tsirarun baƙi kawai suka sani. Shi kwinin ƙofa tara yake bugawa lokaci guda. Nan ne wahalar masu haɗa maganin yara take, domin in ka toshe ƙofa ɗaya saura takwas a buɗe, sukari kuma ɗauke hankali kawai yake yi. Gishiri ya fi shi dabara a kan wasu ɗacin, an tabbatar da haka a Monell tun shekarun 1990, ashe masu barbaɗa shi a kan gauta ba su yi wauta ba. Wani lokacin kuma a kan dace. Maganin tsargiya, firazikwantel, ƙatuwar ƙwaya ce mai mugun ɗaci da ƙaramin yaro ba ya iya haɗiyewa. Aka gano sinadarin nasa siffa biyu gare shi kamar hannun dama da na hagu, ɗaya ke kashe tsutsar, ɗayan kuma shi ya fi kawo ɗacin. Aka cire na banzan aka yi ƙaramar ƙwaya mai narkewa domin 'yan ƙasa da shekarun shiga makaranta, hukumar magunguna ta Turai ta yi na'am da ita a Disambar 2023. Duk wanda ya tashi a garin da yara ke wanka a kududdufi ya san darajar wannan.

Yanzu ga inda labarin ya ɗauki wani salo. A 2009 masu bincike a jihar Iowa suka ce sun ga makarɓan ɗaci a kan 'yan gashi-gashin da ke share majina a hanyoyin iska, in ɗaci ya taɓa su sai su ƙara saurin kaɗawa. A 2010 ayarin Stephen Liggett a Jami'ar Maryland suka same su a naman da ke matse hanyoyin iska a huhu. Sun zaci ɗaci zai sa naman ya tsuke domin ya hana guba shiga, sai suka ga akasin haka, ya saki ya buɗe. A 2012 Noam Cohen da Robert Lee a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa mai lamba 38 ɗin nan na Fox yana zaune a kogon hanci, yana jin sinadarin da wasu bakteriya ke kiran junansu da shi, sai ya sa a fesa musu iskar da ke kashe su. Daga nan rahotanni suka yi ta kwarara, an gan su a hanji, an gan su a zuciya, an gan su a fata, an gan su a farin jini. Ina roƙon masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa kada su ji wannan su ce Turawa sun tabbatar shan maɗaci na warkar da asma. Har yau babu wani maganin asma da aka amince da shi ta wannan hanyar, kuma abin da aka zuba wa tsokar huhu a faranti daban yake da abin da aka kwankwaɗa a kofi.

Tambayar da ta zo min ita ce: an gan su, da wane ido? Abin da madubin likita na yau da kullum ma ba ya iya nunawa, wanda sai a 2022 masana a Shanghai suka samu cikakken hoton siffar guda ɗaya daga cikinsu, ta yaya mutum zai rantse ya gan shi a zuciya? Ina da ƙane da ke aikin gwaje-gwaje a wani asibiti, a sashen da ake duba naman da likitoci suka yanko. Shi na tsare ranar wata Juma'a da ya zo cin dambu.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko a nemi saƙon da ƙwayar gado ke aikawa cewa a ƙera furotin ɗin. Wannan yana da sauƙi, amma bai isa hujja ba. Na ce na gane, ai rubutun hannuna ya isa wurin mai ɗab'i ba ya nufin littafin ya shiga kasuwar Sabon Gari, akwai nawa da ya shekara biyu a can yana jiran kuɗin takarda. Hanya ta biyu ita ce a nemo furotin ɗin kansa, a nan ne ake bukatar antibodi.

Antibodi dai jikin kowa yana yin sa. Shi ne sojan garkuwar jiki, siffarsa kamar gwafa, bakin gwafar kuma an sassaƙa shi ne ya dace da baƙo guda. Kuma kowa a cikinmu ya taɓa amfani da na kanti ko da bai sani ba. 'Yar farar robar nan da ake ɗiga wa jinin yatsa a kemis a ce a jira minti 15 zuwa 20, layi ɗaya babu maleriya, layi biyu akwai, antibodi ne aka shimfiɗa a ciki yana jiran wani furotin na ƙwayar cutar. Tsinken gwajin ciki ma haka. Yadda ake samun sa, a ɗauki ɗan guntun furotin ɗin da ake nema a yi wa zomo ko akuya allurarsa sau da yawa, jikin dabbar ya ɗauke shi abokin gaba ya ƙera masa gwafa, bayan wasu makonni a ɗebi jinin a tace. Irin wannan tarkace ne, gwafa iri-iri a ruwa ɗaya, kuma in zomon ya mutu shi ke nan, zomo na gaba ba zai ba da irinsa sak ba. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij ta Ingila suka fito da wata dabara: suka haɗa ƙwayar saifar ɓera mai ƙera antibodi da ƙwayar kansa wadda ba ta daina hayayyafa, suka samu masana'antar da ke fitar da gwafa iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Sun samu kyautar Nobel a 1984.

In an tashi aiki sai a yanka naman siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a zuba masa antibodi, a wanke. Wanda ya kama wani abu ya maƙale, saura ya bi ruwa. Sai a bi shi da rini mai ƙyalli, a duba a madubi. Inda ya haska, nan abin nema yake. Haka dai ake fata.

Ƙanin nawa ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, ai shi antibodi ba ya magana, haske kawai yake yi. In ya kama wanda aka aike shi ya haska. In ya kama maƙwabcinsa ma ya haska, kuma hasken iri ɗaya ne."

To fa. Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Ashe wannan ƙatuwar kasuwa ce, kamfanoni barkatai, kundin kaya mai ɗauke da dubban ɗaruruwan sunaye, 'yar kwalba mai ruwan da bai fi ɗigo biyu ba a kan dala ɗari uku ko huɗu. Wani kamfanin ma ba shi ya yi ba, saro shi ya yi daga wani ya liƙa sunansa, sai mai bincike ya sayi kwalba uku daga wuri uku yana murna shaidu uku sun yi ittifaƙi, alhali mutum ɗaya ne ya sauya riga sau uku. Wannan kam mu 'yan kasuwar littafi mun san irinsa, tsohon labari a sabon bango.

Kuma an auna ɓarnar. Masu aikin taswirar furotin na jikin ɗan Adam a Suwidin sun ba da rahoto a 2008 cewa cikin antibodi na kanti fiye da 5,000 da suka gwada, kusan rabi ne kawai suka ci jarrabawa. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun suka ƙiyasta a mujallar Nature cewa ana asarar kimanin dala miliyan 800 duk shekara a duniya a kan marasa kyau. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne David Rimm na Jami'ar Yale. A 2006 ya haɗa wani gwaji da zai nuna wa likita wane mai kansar fata ne ke bukatar magani mai ƙarfi bayan tiyata, har ya samu tallafin fiye da dala miliyan 2. A 2009 kwalabensa suka ƙare, ya sake oda daga kamfanonin da ya saba, suna ɗaya lamba ɗaya, sababbin suka ƙi nuna abin da tsofaffin suka nuna. Dole ya haƙura da aikin. Na mata kuwa ya fi muni. A 2017 wasu masana a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen neman wani makarɓin sinadarin mata da aka daɗe ana cewa yana cikin mama, guda ɗaya ne kawai ya tabbata mai gaskiya, shi kuma bai ga makarɓin a maman ba. Kafin nan an riga an rubuta tarin takardu, har an gwada magunguna a kan masu kansar mama bisa waccan shaidar.

Makarɓan ɗaci kuwa suna cikin waɗanda suka fi wuyar sha'ani. Ba a sarari suke ba, a cikin bangon ƙwayar suke, kamar zaren da aka soka a ƙyalle aka fito sau bakwai, abin da ya leƙo waje ɗan kaɗan ne, gwafa ba ta samun wurin kamawa sosai. Ga su 'yan kaɗan, musamman a wajen harshe, sai an ƙure hasken madubi, in an ƙure kuma kowane datti sai ya yi ƙyalli. Ga kama da juna, domin wasu gungu daga cikinsu kusan tagwaye ne. Babban danginsu gaba ɗaya, masu sukan nan bakwai, sun yi ƙaurin suna a wannan fanni: a 2009 wata tsohuwar mujallar ilimin magunguna ta Jamus ta tara rahotanni a kan antibodi 49 da aka sayar domin makarɓai iri 19, akasarinsu 'yan wannan dangi, aka tarar rashin tantancewa shi ne ya yi rinjaye.

Mu da muka tashi muna jin yadda alƙali ba ya karɓar shaida sai an yi wa mai shaidar tazkiya, da yadda malaman hadisi suka rubuta manyan littattafai a kan maruwaita kaɗai, wane mai riƙo ne, wane ya rikice da ya tsufa, wane yana ruwaitowa daga wanda bai taɓa haɗuwa da shi ba, wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da ya burge ni shi ne irin tazkiyar da masu gwaje-gwaje suka ƙirƙiro. Ba sa tambayar shaida ko ya ga ɓarawo a inda ɓarawon yake. Kai shi suke yi gidan da suka tabbatar babu ɓarawon, su ce nuna mana shi. In ya nuna wani, ya gama yawo. A aikace, ana ɗaukar ƙwayoyin jiki a cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin, abin da ya yi sauƙi tun da aka samu almakashin gado na CRISPR a 2012, sai a jera su kusa da lafiyayyu a zuba wa duka antibodi. Na kirki zai haska a lafiyayyun ya yi shiru a waɗanda aka cire wa.

Wata ƙungiya mai suna YCharOS da ke aiki a Jami'ar McGill ta Kanada ta mayar da wannan sana'arta, tana gwadawa tana baza sakamakon kyauta. A 2023 ta buga abin da ta samu a kan antibodi 614 na furotin 65: fiye da rabi sun faɗi a aƙalla ɗaya daga cikin ayyukan da aka gwada su. Ta kuma ƙirga cewa kowane furotin, a matsakaici, akwai takardun bincike kamar 12 da aka buga da antibodin da bai ma san shi ba. Waɗanda suka fi cin jarrabawar su ne na zamani da ake ƙerawa daga rubutaccen tsarin gado, ba daga jinin zomo ba, domin su ko bayan shekara ashirin aka sake yi iri ɗaya za su fito. Wasu kamfanonin, a yaba musu, sun janye kayansu da suka faɗi.

Da makarɓan ɗaci akwai ƙarin cikas. Ɓeran da aka cire wa gado, wanda ake dogaro da shi a sauran bincike, ba ya cika amfani a nan, saboda da yawa daga makarɓan mutum ba su da takwara sak a ɓera. Harshen mutum kuma ba abin da za a je a yanko don gwaji ba ne, sai ɗan abin da aka samu daga tiyata da izinin mai shi. Dabarar da aka koma ita ce irin faretin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi. A samu ƙwayoyin da ake reno a faranti waɗanda ba su da alaƙa da ɗanɗano, a dasa wa kowane faranti makarɓi guda, a liƙa wa kowanne wata 'yar alama a wutsiya domin a tabbatar yana nan, sai a kawo shaida a bi da shi layi. Da irin wannan tantancewa ne Maik Behrens da abokan aikinsa na Potsdam suka samu antibodin da suka yarda da shi na mai lamba 38, suka kuma nuna shi a cikin ƙwayoyin ɗanɗano na harshen mutum a 2012. Ku duba fa, shekara 81 bayan ƙurar Fox, shekara 9 bayan gano ƙwayar gadonsa, sannan aka iya nuna shi a harshe, inda kowa ya san nan ne gidansa. Akasarin 'yan uwansa ba su samu shaida mai irin wannan tazkiya ba, duk da cewa in ka buɗe kundin kamfanoni za ka ga kowannensu da kwalbarsa da farashinta.

Wannan ba ya rushe aikin huhu da na hanci, domin waɗancan ba da haske kaɗai suka tsaya ba, sun zuba ɗaci sun ga nama ya saki, sun ga gashi ya ƙara kaɗawa, su Cohen ma sun kwatanta marasa lafiya masu jigidar ji da marasa ita. Amma rahoton da duk hujjarsa hoto ne mai kore-kore da sunan kamfani a ƙasa, ni dai yanzu da ayar tambaya nake karanta shi. Kuma abin ya shafi ɗuren da muka faro da shi. Mai neman sinadarin da zai toshe ɗacin maganin yara yana bukatar sanin wace ƙofa ce maganin ke bugawa, da kuma ina da ina wannan ƙofar take a jiki, domin in da gaske tana gadi a hanci ko a hanji, toshe ta ba abin da za a yi da ka ba ne. In taswirar da aka ba shi ta shaidun zur ce, ko dai ya ji tsoron abin da babu, ko ya taka abin da yake akwai.

A wurin su ƙanina abin har ya fi haka nauyi, don su da antibodi suke duba naman mama su gaya wa likita irin maganin da zai dace da mai kansa. Kwalbar daga waje take zuwa, da dala, ta yi makonni a hanya, kuma tana son sanyi tun daga inda aka yi ta har firjinsu, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Wadda ta bar masana'anta da gaskiyarta ma tana iya isowa a mace. Shi ya sa, in ji shi, duk ranar da zai yi aiki sai ya jera gilashi biyu na daban kusa da na marar lafiya, ɗaya naman da ya tabbatar akwai abin a ciki, ɗaya wanda ya tabbatar babu, kwatankwacin layin nan na farko a robar gwajin maleriya da ke nuna robar kanta tana aiki. In na farkon ya ƙi yin launi, ko na biyun ya yi, ba ya sa hannu a takardar kowa ranar, ko da dangin marar lafiya sun cika baranda suna jira. Na tambaye shi ko ba a yi masa faɗa a kan ɓarnar ruwan dala a gilashin da ba na kowa ba. Ya ce ana yi mana, kusan duk ƙarshen wata.